Tarbiyyar yara bayan rabuwar unguwannin Kaduna

Duk wanda ya tashi a Kakuri a zamanin da masaƙu ke aiki, tun daga buɗe ta farko a 1957, ya san cewa ba iyaye kaɗai ke tarbiyyar yaro ba. A gidan haya ɗaya akan tarar da Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Tibi, kowa da ɗakinsa, amma rijiya ɗaya ce, igiyar shanya ma ɗaya. Maƙwabciyar da ba addininku ɗaya ba tana iya ganin ka kana wasa a bakin kwata alhali lokacin makarantar allo ya yi, ta kama hannunka ta kai ka har gaban malam, kuma idan mahaifiyarka ta ji, godiya za ta yi mata. Ranar Sallah a aika mata da tuwo da nama, ranar Kirsimeti ita ma ta aiko da shinkafa, kuma yara ne ke ɗaukar kwanukan.

Rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 sun ci rayuka da dukiya, sannan suka raba garin gida biyu. Musulmi da yawa suka tattara zuwa arewacin kogi, irin su Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kiristoci kuma suka koma kudancinsa, irin su Sabon Tasha da Narayi da Television. Ba na zargin wanda ya ƙaura, domin tsira da rai ya nema.

Abin da ke damuna shi ne yaran da aka haifa bayan haka, waɗanda yanzu sun zama samari da 'yan mata. Har yau ana cewa ɗa na kowa ne, kuma maƙwabta suna tsawatarwa, sai dai duk masu tsawatarwar addini ɗaya ne, yawanci harshe ɗaya. Yaron da bai taɓa cin abinci a ɗakin wanda ba nasa ba, bai taɓa ganin maƙwabciyar da ba addininsu ɗaya ba ta tsaya a kansa yana zazzaɓi ba, labarin mutanen ƙetaren gada kawai yake ji, kuma labarin da ya fi yawo a waya ba mai daɗi ba ne.

Shi ya sa nake ganin darajar unguwanni irin Barnawa, inda har yanzu ake zaune a cakuɗe, da kuma makarantun gwamnati da yaran ɓangarorin biyu ke haɗuwa a aji ɗaya. Iyayen da ke da zaɓin makaranta ya kamata su tambayi su wane ne abokan ajin 'ya'yansu, kamar yadda suke tambayar kuɗin makaranta da sakamakon jarrabawa.