Abin da Duwatsun Delhi Suka Koya Mini

Cikin duk abin da na karanta a tarihin gine-gine, darasin da ya fi zauna mini a rai shi ne: kada siffar gini ta ɗauke maka hankali, duba yadda aka ɗora dutse a kan dutse. A nan ake gane wanda ya ba da umarni da wanda ya yi aikin.

Masallacin Ƙuwwatul Islam da Ƙuɗubuddin Aibak, wanda ya kafa daular Musulmi ta Delhi, ya fara ginawa a Delhi a ƙarshen ƙarni na 12 ne ya koya mini haka. Sababbin masu mulki baka mai tsini (wato lanƙwasar saman ƙofa) suke so, irin ta masallatan Farisa. Magina kuwa 'yan ƙasa ne, ginshiƙi da dutsen gicciye suka gada. Ginshiƙan masallacin ma daga wuraren bautar mabiya addinan Hindu da Jain da aka rushe aka kwaso su. Sai maginan suka riƙa jera duwatsu a kwance, kowane sahu ya ɗan zarce na ƙasa da shi, har ɓangarorin biyu suka haɗu a sama, sannan suka sassaƙe gefen. Daga nesa baka ce sak, amma matso kusa ka ga layin duwatsun a miƙe yake. Wanda ya taɓa ganin maginanmu suna miƙa azara gaba-gaba don tayar da bakan gizo zai gane dabarar nan take. Ni ban ɗauki wannan gazawa ba. An nemi mutanen nan su yi abin da ba su gada ba, suka fitar da shi da ilimin hannunsu, ga shi tsaye har yau.

Zuwa 1311, a ƙofar Alai Darwaza da ke harabar, an riga an ƙware: duwatsun a karkace aka yanka su, kowanne na tokare ɗan'uwansa, da ƙubba ta gaskiya a sama.

A yankin Bengal kuma, can gabas, dutse ya yi ƙaranci, ruwan sama ya yi yawa. Masallatai suka koma na jan bulo, bakin rufinsu a lanƙwashe irin na bukkar gora da ciyawa ta manoma. Rufin talakan nan bai tsaya a Bengal ba. A zamanin Shah Jahan, wanda ya gina Taj Mahal, an yi shi da farin dutse a ɗakin Naulakha, cikin fadar Lahore.