Asabar: Ƙwan LED a fitilar Tsohuwa

Ƙwayayen LED ɗin da Auta ya matsa mini in saya sun iso tun tsakiyar mako, amma sai yau muka samu sararin buɗe bonet ɗin Tsohuwa, wato tsohuwar Mercedes ɗin nan tawa. Na fara aikin cikin nishaɗi, domin sauya ƙwan H4, wato ƙwan halojin mai zare da motar ta zo da shi, a fitilar Mercedes W123 ba ya buƙatar gwaninta: a cire murfin baya, a zare soket mai ƙafa uku, a saki abin da ke riƙe da ƙwan, shi ke nan. Matsala ta farko ita ce murfin ya ƙi rufuwa, saboda sabon ƙwan yana da 'yar fanka a ƙeyarsa wadda ke fitar da zafi. Auta ya ce a bar shi a buɗe, ni kuwa na ƙi, domin ƙura da danshi su ne ke cinye kwanon fitila, wato madubin da ke mayar da haske gaba.

Muna cikin wannan jayayya Kawu ya shigo. Bai ce uffan ba sai da ya ɗauki kwalin ya jujjuya shi, sannan ya ce kada mu taɓa fitilar dama, mu sa sabon a hagu kawai, mu jira duhu.

Da dare ya yi muka fuskantar da motar ga katanga, tazarar mita 10, na kunna dim. Gaskiya abin ya burge ni. Hagu ya fito fari fat, dama kuwa ya koma ja-ja kamar fitilar ƙwai a kusa da shi, Auta har da tafi. Na ce, "Kawu, ai kun ga bambanci." Ya ce ya gani, amma in daina kallon fari, in nemi layin. A ɓangaren dama hasken ya yanke tas a wani layi miƙaƙƙe, sannan ya ɗan hau sama ta gefen kafaɗar hanya, kuma duk abin da ke saman layin duhu ne. A ɓangaren hagu layin ya narke, haske ya fantsama sama har kusa da kan katanga, ga wasu tabo-tabo masu duhu a tsakiya, daidai inda ya kamata hanya ta fi samun haske.

Sai ya ce, "Ɗana, je ka can gaba ka tsuguna daidai tsayin wanda ke zaune a kujerar direba, ka dubo ta." Na je na tsuguna. Ƙwan dama ina iya kallonsa ba tare da na kau da kai ba, na hagu kuwa sai da na kare fuska da hannu, kuma bayan na miƙe na ɗauki lokaci ina ganin ɗigo-ɗigo a idona. Kawu ya ce, "To, kai a ciki za ka zauna. Wannan da ka gani rabon wanda zai yi kiciɓis da kai ne."

Wannan maganar ce ta hana ni sakat har yanzu da nake rubutu. Duk wanda ya san ni ya san irin ƙorafin da nake yi kan masu kashe wa mutane ido da dare, kuma ban taɓa kawo wa raina cewa da yawansu ba mugunta ce ta sa su ba, wani Autan ne ya nuna musu kwali mai manyan lambobi.

Bayanin da Kawu ya yi bai da sarƙaƙiya. Ƙwan H4, wanda ya fito tun 1971, yana da zare biyu a cikinsa, na ful mai wat 60 da na dim mai wat 55, kuma a ƙarƙashin zaren dim akwai wani ɗan ƙaramin ƙoƙo na ƙarfe da ke tare hasken da zai tashi sama ya shiga idon mai tahowa. Kwanon fitilar da zane-zanen da ke jikin gilashinta duk an auna su ne bisa wannan siririn zaren, wanda ke zaune a wuri ɗaya tak yana ba da haske ta kowace fuska. Shi kuwa ƙwan LED 'yan tabo ne masu haske a manne a fuska biyu na wani allo, allon yana da kauri, kuma gefunansa ba sa ba da komai. Idan tushen haske ya gusa daga mazauninsa ko da milimita ɗaya ko biyu ne, kwanon zai jefa shi inda ba a nufa ba, komai yawansa.

Auta bai yarda ba. Hujjarsa ita ce sababbin motoci da yawa da LED suke fitowa, kuma babu wanda ya ce sun saɓa ƙa'ida. Kawu ya amsa masa cewa tun daga Lexus LS 600h ta 2007 da Audi R8 da ta biyo baya, masu ƙera mota fitilar suke tsarawa gaba ɗayanta domin LED, ba ƙwai suke cusawa a kwanon da aka yi wa zare ba. Auta ya zaro waya ya karanto mana cewa a Ingila, tun 2021, motar da aka sa wa ƙwan LED a fitilar halojin faɗuwa take a gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, amma an keɓe waɗanda aka fara hawa kafin 1 ga Afrilu 1986, don haka Tsohuwa, 'yar 1982, da ta tsallake. Kawu ya yi dariya ya ce keɓewar ta tsaya a takarda, idon mai tahowa bai san shekarar mota ba. Ni abin da ya fi kama hankalina shi ne tsarin Jamus, inda tun 2020 aka fara amincewa da wasu ƙwayayen LED, amma kowane ƙwai sai a jerin fitilun da aka gwada shi a cikinsu. Ashe ba a haramta abin ba, dacewar ƙwai da kwano ake dubawa.

Ba zan zalunci LED ba. Kowane ƙwan halojin yana jan kusan amfiya 5, kuma a wannan motar wutar tana ratsa makunni da fiyus kafin ta kai fitila, ta wayoyin da suka haura shekara arba'in. Rage musu wannan nauyin alheri ne na gaske. Sannan ni kaina idona ba kamar da ba ne, tuƙin dare ya fara yi mini nauyi, kuma wannan ne ya sa na saurari Auta tun farko.

A nan ne Kawu ya ɗauko mitarsa. Inji yana aiki, ya auna bolt 13.9 a kan batir, sannan ya auna 12.3 a ƙafar ƙwan dama. Ya ce zaren ƙwai ba ya yafe ƙarancin wuta: idan ta ragu da kashi 10 cikin 100, haske yana raguwa da kusan kashi ɗaya bisa uku. Ya buɗe akwatin fiyus ya nuna mini waɗannan dogayen fiyus na tangaran, bakinsu ya yi kore, ya murza ɗaya a mazauninsa da yatsa biyu, sai na ga hasken da ke jikin katanga ya ɗan ƙaru a gabana. Ya kuma leƙa kwanon da tocila ya ce ya fara dushewa, ya gargaɗe ni kada in kuskura in sa tsumma a ciki, domin shafin da ke mayar da haske siriri ne ƙwarai, gogewa ɗaya tana iya ɗauke shi.

Akwai kuma batun launi, wanda ban faɗa wa kowa ba. Farin nan mai ratsin shuɗi bai dace da fuskar Tsohuwa ba, kuma ko da layin ya fito daidai ina jin da zai ci gaba da damuna.

Mun mayar da halojin a hagu, murfin ya rufu yadda ya saba. Kawu zai zo ranar Litinin da rile biyu, wato 'yan makunnan da wuta ke kunnawa, ɗaya na dim ɗaya na ful, da waya mai kauri da fiyus da za a sa kusa da batir, ta yadda makunni zai riƙa ba da umarni kawai, wutar ta tafi fitila kai tsaye. Bayan haka za mu sake aunawa, mu daidaita layin ya sauka kimanin santimita 10 a tazarar mita 10, in fita da ita in gani. Auta ya tafi yana fushi, amma ɗazu ya turo mini hoton wani ƙwan mai siririn allo wanda ya ce an kwaikwayi mazaunin zare a jikinsa. Na ce masa idan har ya same shi, zai hau katanga kamar na yau, kuma shi ne zai je ya tsuguna.