D-76 da Rodinal a zafin bazarar Jigawa

Har yau in na tuna da fim ɗin kyamara da na ɗauki hotunan raƙuman Maigatari da shi sai raina ya ɓaci. Tri-X 400 ne fa, mafi tsada a cikin waɗanda aka aiko min daga Legas, na adana shi musamman saboda kasuwar Alhamis, ga ƙura ga Buzaye da rawani, haske kuma ya faɗo yadda nake so. Na dawo ƙauyenmu nan gefen Gumel na wanke da D-76, maganin wanke fim na kamfanin Kodak, da na ɗaga negetif ɗin, wato fim ɗin da aka wanke, a taga sai na ga abu fari fat kamar leda, da kyar kake gane tozon raƙumi.

Maganin ne ya mutu a kwalba. Shi D-76 gari ne, sai ka dama shi da ruwan ɗumi duka lokaci ɗaya, Kodak sun ce cikakkiyar kwalba a toshe tana kai wata 6, wadda aka sha rabi kuma wata 2. To wannan lissafin masu sanyi ne. Ɗakina rufin kwano ne, a watan Afrilu kwalbar da ke rabi ta fara yin ruwan shayi ban ɗauke shi komai ba, tunda a lissafi da sauran lokacinta.

Kafin ya lalace dai gaskiya D-76 ya yi min aiki mai kyau, musamman da fim ɗin HP5 Plus na kamfanin Ilford, fuska tana fitowa sumul, tsakin hoton, wato ɗigo-ɗigon da ke jikinsa, ba ya damun ido. HP5 da Tri-X kuwa duk surutun da ake a kansu ni bambancin da na gani kaɗan ne, Tri-X ya ɗan fi baƙi mai ƙarfi, HP5 ya fi haƙuri in ka kuskure haske. Shi ke nan.

Abin da ya ba ni mamaki Rodinal ne. Tsohon magani, tun 1891 ake yinsa, ruwa ne mai kauri, kana ɗiban kaɗan da sirinji ka tsinka kashi 1 cikin ruwa kashi 50 ka yi aiki ka zubar. Nawa ya yi duhu a kwalba har ƙasansa ya yi ƙanƙara-ƙanƙara, amma bai fasa aiki ba, a ɗakin nan dai da ya kashe D-76. Aibinsa tsaki, in ka haɗa shi da fim mai lamba 400, wato mai saurin kama haske irin su Tri-X da HP5, sararin sama sai ya fito da ɗigo-ɗigo. Amma mu nan me za mu yi da 400 da rana tsaka? Fim ɗin Fomapan 100, na ƙasar Cek, mai arahar nan da na raina, shi ya fi dacewa da shi. Sai dai fatarsa laushi gare ta in ya jiƙe, farce kaɗan ya taɓa ya yi zane, kar ka goge shi da yatsa.

Sai maganar ruwa. Lokutan wanki da ke jikin takarda yawanci na ruwa mai digiri 20 ne, ruwan burtsatsenmu da ya yini a jarka kuwa yana haura 30. Da zafi magani yana sauri, farar babbar riga ta ƙone babu zanen aiki ko ɗaya, fuskar mai ita kuma ta nutse. In ka rage lokaci har ya gaza minti 5 wankin ba ya yin daidai, wani gefe ya fi wani. Nan ma Rodinal ɗin da aka tsinka ya fi, lokacinsa da tsawo, akwai abin ragewa. Yanzu da asuba nake wanki, ruwan randar Inna nake ɗiba, in ƙara ƙanƙarar da nake saya wajen mai firij ɗin sola har ma'aunin zafi ya sauko, kuma ruwan ɗauraya ma haka, don in ka fito da fim daga sanyi ka jefa a ɗumi fatarsa tana iya yamutsewa.

Wani abokina ya ce in gwada HC-110, shi ma yana daɗewa a kwalba. Sai kuɗi sun samu. Raƙuman nan kuwa na koma Maigatari da Fomapan, amma ranar hazo ya rufe ko'ina.