Laraba a Maraɗi: Tambayar Mai Hatsi

Yau da yamma muka taru a majami'armu domin nazarin Littafi Mai Tsarki, Fasto kuwa ya zaɓi Yahaya sura 18, inda aka tsai da Yesu gaban gwamna Bilatus. Ba mu yi nisa ba sai wani dattijo mai sayar da hatsi a babbar kasuwa ya ɗaga hannu ya ce, "Gafara, Fasto. Idan ina da hatsin bara a rumfa, mai saye ya taya bai tambaye ni ko na bana ne ba, na cika masa tiya ban rage ko ƙwaya ba, shin na yi ƙarya?" Wasu suka yi dariya, amma ni na ga tambayar ta fi duk waɗanda muka zo da su nauyi.

Fasto ya ce, "Baba, mu duba Ayyukan Manzanni sura 5 tukuna." Da aka karanta, ya nuna mana cewa ba a rubuta kalma ko ɗaya da Hananiya ya furta ba. Ya sayar da fili, ya ɓoye wani kashi na kuɗin, ya ajiye sauran a gaban manzanni, ya bar jama'a su ɗauka duka ke nan. Matarsa Safiratu ce ta faɗi ƙaryar da baki, amma Bitrus ya riga ya gaya wa mijin cewa ya yi wa Allah ƙarya, alhali filin nasa ne, kuɗin ma nasa ne, ba wanda ya tilasta masa bayarwa.

Tun da na dawo gida nake juya al'amarin Bilatus. Ba jahilci ne ya dame shi ba, domin sau uku Yahaya ya rubuta Bilatus yana cewa bai sami Yesu da laifi ba. Maganarsa daidai take, kuma duk da haka ya ba da shi a gicciye, saboda an tsorata shi da sunan Kaisar, sarkin Roma. Ya tambayi mece ce gaskiya, ya fita bai jira amsa ba, alhali wanda ya ce shi ne hanya da gaskiya da rai yana tsaye a gabansa. A ganina nan ne bangaskiyar Kirista take ajiye gaskiya. Ba ta yarda mutum ya tsaya ga daidaita kalmomin bakinsa kaɗai, tun da gaskiya ta ɗauki jiki ta zauna cikin mutane, kuma wanda yake binta dole ya kula da abin da ya bari ya zauna a zuciyar maƙwabcinsa.

Wannan bai sa abin da ya faru a tarihi ya zama ƙarami ba. Bilatus gwamnan Yahudiya ne daga shekara ta 26 zuwa ta 36, kuma a 1961 an tono wani dutse a Kaisariya mai ɗauke da sunansa. Bulus ma ya rubuta wa Korantiyawa ƙiri-ƙiri cewa in Almasihu bai tashi daga matattu ba, wa'azi da bangaskiya duka banza ne. Shi ya sa ban gamsu da maganar wani saurayi ba, wanda ya ce a wurin taron kowa da tasa gaskiyar. A kasuwa ba wanda zai yarda da tiya biyu, ɗaya ta saye, ɗaya ta sayarwa.

Dattijon bai sakar wa Fasto da sauƙi ba. Ya ce in ya faɗi na bara ne, mai saye zai karya farashi ko ya wuce rumfar gaba, ga kuwa iyali a gida. Fasto bai musa cewa akwai asara ba, ya dai ce hatsin bara ma yana da masu nemansa a kan kuɗinsa, ya kuma roƙi sauran ƴan kasuwa da ke cikinmu su zo Laraba mai zuwa, domin za mu karanta Afisawa sura 4 tare da su.