Sassaben zamani: aikin mishan a gonakin Maradi

Tony Rinaudo, ɗan mishan na ƙungiyar Kiristoci ta SIM daga Ostareliya, ya sha dasa itatuwa a yankin Maradi suna mutuwa saboda fari da awaki. A 1983 ya lura cewa kututturan sabara da kalgo da manoma ke sarewa suna da saiwa mai rai a ƙasa.

Renon tsiron waɗannan kututturan har su zama itatuwa shi ne ake kira sassaben zamani, kuma aikin ba wuya. A kowane kututture a bar tsiro uku zuwa biyar mafi ƙarfi, a yanke sauran da wuƙa mai kaifi, daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. A rage rassan gefe zuwa rabin tsayi kawai, in aka wuce haka iska na karya tsiron.

Inda ake samun cikas shi ne masu satar ice da dare, sai gari ya haɗa kai ya tsare.