Na'urar GPS da sawun taya a rairayin arewacin Yobe

Aikina ƙidayar rijiyoyi ne. Ina bin ƙauyuka ina rubuta inda kowace rijiyar burtsatse take, ko tana ba da ruwa ko ta lalace, da yawan gidajen da ke sha daga gare ta. Da aka tura mu arewacin Yobe, tsakanin Nguru da Machina har wajen Yusufari, sai aka ba ni kuɗi in sayo na'urar GPS guda ɗaya, wadda za ta yi mana jagora a mota, in kuma riƙa sauka da ita ina ɗaukar lambobin wuri a bakin kowace rijiya. Na zaɓi irin wadda ake maƙalawa a gilashin mota, mai faffaɗar fuska, mai magana. A cikin gari ba ta da makusa.

Ranar da muka sauka daga kwalta muka shiga rairayi na gane kuskurena. Irin wannan na'ura an gina ta ne a kan cewa mota tana kan titi a kowane lokaci, saboda haka sai ta riƙa jan alamar motarmu tana ɗora ta a kan hanyar da ta fi kusa a taswirarta, alhali muna can nesa a cikin burtali. Tana ta cewa mu juya. Direbanmu, dattijo ne da ya daɗe yana bin wannan yanki, ya saurare ta na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Malam, wannan hanyar gwamnati kaɗai ta sani. Mu nan iska ce ke shata mana hanya." Na ce, "Gaskiya ne, Baba," na kashe muryar. Da muka isa rijiyar farko na cire ta daga caji, rana ta dushe fuskar har sai na sunkuya na kare ta da hula, kuma kafin azahar batir ya ƙare.

Sai daga baya na zauna na karanta yadda abin ke aiki. GPS na Amurka ne, taurarin ɗan'adam kusan talatin ne ke zagaya duniya a nisan kilomita 20,200 ko kusa da haka, kuma na'ura na buƙatar saƙon aƙalla huɗu daga cikinsu kafin ta san inda take. Ba ruwanta da sabis ɗin waya ko data. Tun watan Mayu na 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina dagula saƙon da gangan ga farar hula, ko ƙaramar na'ura kan nuna wuri da kuskuren 'yan mitoci kaɗan a fili. Sababbin na'urori ma suna haɗawa da saƙon takwarorin GPS, wato GLONASS na Rasha da Galileo na Turai. Ke nan wajen sanin wuri duk kusan ɗaya suke a ƙasarmu mai buɗaɗɗen sarari. Inda suka bambanta shi ne batir, da fuska, da abin da na'urar ke yi idan babu titi.

A tafiya ta biyu na riƙe ta hannu, Garmin eTrex, wadda ba ta fi sabulun wanka girma ba. Batir biyu ƙanana irin na AA take ci, kuma sukan kai ni kwana biyu na aiki. Wannan babban abu ne a ƙauyen da babu wutar lantarki. Amma a kula: batir mai arha na tocila da ake samu a kasuwar ƙauye ba ya jimawa a cikinta, gara alkalin ko wanda ake sake cajawa, kuma a faɗa wa na'urar irin batirin da aka saka mata don ma'auninta ya yi daidai. Fuskarta kuwa, yadda rana ta ƙara haske haka take ƙara fitowa. Maɓallai gare ta, kuma na fi son su a kan fuskar shafawa, domin da gumi a yatsa da ƙurar hunturu shafawa ba ta cika amsawa ba.

Aibinta ɗaya, fuskar ƙarama ce, direba ba zai iya kallonta yana fama da sitiyari a cikin rairayi ba. Akwai masu matsakaicin girma irin su Garmin Montana da ke ƙoƙarin haɗa aikin mota da na hannu, sai dai sun fi nauyi da tsada. Mu dai muka raba aiki: Baba yana tuƙi, ni ina gefensa ina karantawa. Don ganin faɗin yanki ina amfani da waya mai manhajar OsmAnd, na sauke taswirar tun daga gari. Wayar ba ta zama a gaban gilashi, domin a zafin Afrilu takan ɗau zafi ta kashe kanta.

Abin da ya fi komai amfani gare ni shi ne sawu, wato layin da na'urar ke zanawa na duk inda muka bi. Da safe kafin mota ta motsa nake kunna shi. Wata rana muka makara a wani ƙauye, bulama ya tsare mu da bayanin famfon da ya shekara a lalace, ba mu taso ba sai bayan magariba. Iska ta riga ta shafe sawun tayarmu, tuddan rairayi duk sun zama iri ɗaya a hasken fitila. Layin nan na safe muka bi a juye, ina cewa "ɗan yi dama, Baba, mun kauce," har muka hau kwalta. Tun daga ranar kowane dare nake kwafe sawun a kwamfuta, ina sa masa sunan ƙauyen da watan da muka bi. Watan yana da muhimmanci, domin a gefen fadamar Haɗeja da Nguru hanyar da aka bi da rani ruwa da kacalla ne ke kanta da damina.

Akwai kuma kuskuren da ba na na'ura ba ne, na rubuta lamba ne, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Wani abokin aiki ya karanto mini wurin wata rijiya ta waya, digiri 12 da minti 50 arewa, ni kuma na shigar da shi 12.50. Minti sittin ne a digiri ɗaya, don haka 12.50 digiri 12 da minti 30 ne. Digiri ɗaya kuwa kimanin kilomita 111 ne, wato na kai rijiyar kusan kilomita 37 kudu da inda take. Allah ya taimaka Baba ya ce sunan ƙauyen bai dace da inda nake nuna masa ba. Haka nan tsofaffin taswirorin safiyo na Najeriya a kan ma'aunin Minna aka zana su, wato tushen da ake auna lambobin wuri daga gare shi, na'urar kuma da wani ma'aunin na duniya mai suna WGS 84 take zuwa, kuma tazarar da ke tsakaninsu kan kai gomman mitoci, wadda ta isa ta sa a rikita rijiyoyi biyu da ke kusa da juna. Yanzu kafin mu fita, kowa a cikin ayarin sai ya buɗe na'urarsa mun daidaita tsarin lamba da ma'auni ɗaya, mu rubuta shi a shafin farko na littafin aiki.

Har yau idan za mu shiga yankin da ba mu taɓa bi ba, sai mun roƙi bulama ya haɗa mu da yaron da ya san hanya. Shi ke nuna inda rairayi ke cin mota da inda ƙasa ke da tauri, na'urar kuma tana aljihun rigata tana zana duk kwanar da ya ce a yi.