Sana'ar kwantak lens a Bauchi: sayarwa ba wuya, koyarwar ce aiki

Shagona ƙarami ne, ɗaki biyu a nan cikin garin Bauchi, ɗaya na gwajin ido ɗaya na yanka gilashi, ni da yarinyar da ke karɓar mutane sai wani matashi da ke kan inji. Abin da ke ciyar da mu gaskiya tabarau ne, amma abin da ya fi cin min lokaci da yawu shi ne kwantak lens, ɗan faifan nan mai laushi da ake ɗorawa kan baƙin ido. Ribarsa ba ta kai wahalarsa ba, kuma da yawa cikin masu zuwa nemansa haka nake sallamarsu ba tare da na sayar musu ba, wasu su fita suna ƙunƙuni wai ga kuɗi an kawo mata ta ƙi karɓa.

Akwai waɗanda abin ya zame musu rahama kam. Wanda lambar tabaransa ta kai -8 ko -10, gilashinsa ya yi kauri kamar gindin kwalba. Wanda lambar ido ɗaya ta yi wa ta ɗayan nisa sosai, in ya sa tabarau jiri yake ji don hoton da idanun biyu ke kawowa ba girmansu ɗaya ba. 'Yan ƙwallo. Sai waɗanda suka fi ba ni tausayi, yaran da suka taso da ƙaiƙayin ido, farin idon ya rine ya koma ruwan ƙasa suna ta murza shekara da shekaru, wasunsu tantanin nan garai-garai da ke rufe da baƙin ido, wato koniya, sai ya yi siriri ya turo gaba ya yi tsini, duk gilashin da aka gwada ba ya gyara ganin sai lens mai tauri. Ranar da ka sa wa irin wannan yaron ya karanta layin ƙasa na allon gwajin ido, ranar za ka san ba banza kake zaune a shago ba.

Mutum zai shigo da takardar tabarau ya ce a ba shi kwantak mai wannan lambar, toh ba haka abin yake ba. Gilashi yana zaune ne kamar milimita 12 daga ido, shi kuma wannan a kan idon yake, in lamba ta wuce 4.00 sai an sake lissafi, mai -8.00 a gilashi wajen -7.25 zai sa. Sannan sai na auna lanƙwasar koniyar, yawancin masu laushi suna zuwa ne da lanƙwasa tsakanin milimita 8.4 da 8.8, faɗinsu kuma wajen milimita 14, in sa masa ya zauna kamar minti ashirin kafin in leƙa da na'urar haske in ga ko yana ɗan motsi in ya ƙifta. Motsin nan ba wasa ba ne, koniya ba ta da jijiyar jini ko ɗaya, daga iskar waje take shan oksijin ta cikin hawaye, lens ɗin da ya matse shaƙe ta yake yi kuma da farko daɗi ma mai shi zai ji, shi ne haɗarin.

Kwantak na farko da wani likita Adolf Fick ya gwada a 1888 na gilashi ne zalla, 'yan awowi kaɗan ake iya jure shi. Mai laushin nan wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Cek, Otto Wichterle, ya fara haɗa shi a gidansa a 1961 da kayan wasan yara, sai a 1971 kamfanin Bausch & Lomb ya fito da shi kasuwa a Amurka. Duk cikinsu dai ba wanda ya yi shi da tunanin bujin hunturu ko ruwan randa, mu aka bar wa wannan.

Ruwa shi ne babban abokin faɗana. Akwai wata ƙwayar halitta Acanthamoeba da ke rayuwa a ruwa da ƙasa, ido ba ya ganinta, in ta maƙale a lens ta shiga koniya magani sai a yi watanni ana yi da azabar ciwo, wani ma ganin ba ya dawowa. Sai in ce kar ruwa ya taɓa shi, a ce min ai na famfo ne daga dam ɗin Gubi yake an tace, ko ai fiya wata ne, ko ai bohol ɗinmu mai kyau ne. Ruwan da ya yi kyau a sha daban, wanda zai taɓa lens daban, ba na famfo ba na leda ba na rijiya, balle yawu, don akwai masu lashewa in ya faɗo wallahi. Ruwan wankinsa na kwalba kawai. Maganar alwala kullum sai ta taso tunda sau biyar muke yi, abin da nake cewa alwala wanke fuska ce ba a ce a zuba ruwa cikin ido ba, ka rufe idonka sosai, wanka kuma a cire tukuna. In an wanke hannu da sabulu a goge shi ya bushe ƙarau kafin a taɓa ido. Ɗalibai masu zuwa Yankari kuwa sai na ja musu kunne musamman, ruwan Wikki ɗumi gare shi, wajen digiri 31 rani da damina, ka yi iyonka amma ba da kwantak a ido ba.

Barci shi ne na biyu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kwana da shi a ido yana ninka haɗarin kamuwa da ciwo sau shida zuwa takwas, kuma ƙailula ma barci ce, gyangyaɗi a mota daga nan zuwa Jos ma barci ne. Ɗan gidan da ake ajiye shi a zubar da ruwan ciki kullum a bar shi ya bushe a kife, ba a ƙara sabo kan tsoho, bayan wata uku a jefar a sake wani. Lens na wata ɗaya kuma kwana 30 ne daga ranar da aka ɓare shi, ba wai sai ka sa shi sau talatin ba. Tun da Naira ta zube a tsakiyar 2023 kaya suka tashi, don komai daga waje ake kawowa, sai mutane suka koma jan na wata ɗaya har wata uku. Ban ga laifin aljihunsu ba, amma wanda ba zai iya sayen ruwan wanki a kai a kai ba gara in yanka masa gilashi kowa ya huta.

In hunturu ya shigo daga Nuwamba har Fabrairu cinikin nan kusan tsayawa yake, kuma ni da kaina nake tsayar da shi. Iska a bushe, ga ƙura, ka hau acaɓa daga Yelwa zuwa Wunti ka sauka ido kamar an zuba yashi. A rage awowin sawa, a ɗora baƙin gilashi a sama, ɗigon da za a sa ya zama wanda aka yi don masu kwantak.

Sai amare, wayyo amare. Masu launi ake so, ruwan toka ko ruwan zuma, ana sayarwa a Instagram tare da gashin ido da farce, ba gwaji ba komai. Wata uwa ta taɓa kawo min 'yarta ana gobe kamu ido ya kumbura ya yi jawur, ashe mai kwalliyar guda biyu gare ta take sa wa kowace amarya tana tsomawa a ruwa. Uwar tana cewa likita a taimaka a ba ta wani sabo ko na hoto ne, na ce Hajiya ki yi haƙuri, idon nan ko kwalli ba zai shiga ba yau, asibiti za ku wuce yanzu. Mai launi ko ba lamba a jikinsa dokarsa ɗaya da na magani, kuma ba a aronsa ko tsakanin ya da ƙanwa, ta haka afolo da abin da ya fi afolo ke yawo. A sa lens kafin kwalliya, a cire shi kafin a goge ta, kwalli kuma kar a ja shi ta cikin fatar ido. Mu da ke wannan aiki akwai hukumar ODORBN da aka kafa a 1989 da ke mana rajista, ba laifi ba ne ka ce a nuna maka lasisi.

Tsoron da mutane ke zuwa da shi wai zai zagaya bayan ido ya shige ƙwaƙwalwa, wannan ba ya yiwuwa, akwai fatar da ta toshe hanyar, iyakarsa ya naɗe a ƙarƙashin fatar ido ta sama a fito da shi. Abin tsoron na gaske shi ne ja da zafi da hawaye da gudun haske, ko gani ya dushe. A cire nan take, a riƙo lens ɗin da gidansa a tafi asibitin ido a ranar, asibitin koyarwa na ATBU yana nan, mutanen Gombe ma suna da nasu na tarayya. Kar a biya kemis a sayi ɗigo, wasu akwai sitiroyid a ciki da ke rufe jan ya bar ƙwayar tana ci, kar a ɗiga nono ko ruwan sukari. Ƙwayar Pseudomonas a kwana ɗaya zuwa biyu tana iya yin gyambon da zai bar hakiya har abada.

Shi ya sa sabon mai sawa ba ya fita shagona sai ya sa ya cire da hannunsa a gabana, mai zaƙo-zaƙon farce sai ta yanke, kuma bayan sati ya dawo in duba. Wanda ba shi da tabarau na ajiya a gida da zai koma wa ranar da ido ya ƙi, wannan sai mun fara yanka masa gilashin tukuna mu yi maganar kwantak.